Gari Na Cin Gona: Darasin Gidaje Shida Na Yamai Ga Mutanen Maigatari

Mai karatu, in kana cikin masu tara kuɗi don sayen fuloti, ko kina cikin matan da suka shekara biyu suna zubin adashi da burin a wayi gari ga filinku na kanku, wannan magana taku ce. Haka nan in gidanku na da gonar gado a bakin gari, dillalai sun fara zarya suna cewa a yanka ta a sayar tun tana da daraja, to ku ɗan saurara kafin a buga turaku.

Duk wanda ya bi hanyar Gumel zuwa Maigatari a 'yan shekarun nan ya ga abin da nake nufi. Inda a da ake ganin gero da wake da zoɓo har bakin titi, yanzu bulo ne jere biyu ko uku an zagaye fili. Gaba kaɗan ga kango ya kai linta an bar shi yana shan rana. Can kuma gida ɗaya tilo da mutane a ciki, ba maƙwabci gabas, ba maƙwabci yamma. Gari yana yaɗo kamar kabewa, yana miƙa reshe ta ko'ina, tsakiyarsa kuma cike da filaye da kangwaye da ba kowa. Abin da ake gani a Maigatari shi ake gani a Gumel, ya kuma fara leƙa Gagarawa da Sule Tankarkar.

Yadda gona ke tafiya

Ba laifin kowa ba ne mutane su nemi muhalli. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar Maigatari na da mutum kusan 180,000, kuma jariran da aka haifa a waccan shekara yau sun isa aure. Ga kasuwar dabbobi ta ranar Alhamis da ke jawo fatake daga Nijar da kudancin Nijeriya, ga cinikin riɗi da zoɓo, ga harkar kan iyaka. Duk inda kuɗi ke juyawa, mutane za su zo, kuma kowa na son inda zai sa haƙarƙarinsa.

Amma bari mu yi ɗan lissafi tare. Fulotin da aka saba yankawa, ƙafa 50 a ƙafa 100, ya kai murabba'in mita 465. Iyali dubu ɗaya, kowa da fulotinsa, za su haɗiye sama da hekta 46 tun ba a fitar da layi ko ɗaya ba, balle a yi maganar makaranta da masallaci da maƙabarta. Kuma gonakin da ake fara cinyewa su ne na bakin gari, waɗanda suka sha taki tun zamanin kakanni, jakuna na kai musu toka da kashin dabbobi kowace bazara. Su ne gonakin da tsoho zai iya zuwa da ƙafa, su ne waɗanda yaro zai kai wa abinci ya dawo kafin azahar. In suka tafi, sai manomi ya matsa gaba, ya shiga burtali ko makiyaya, daga nan kuma kun san irin rigimar da ke biyo baya tsakaninsa da mai shanu.

Ta arewa kuma ba mu da wurin gudu. Jigawa na cikin jihohi 11 da aka sa a shirin Babbar Ganuwar Itatuwa saboda kwararowar hamada. Mutanen Gagarawa da kewaye ba su manta da taƙaddamar hekta 12,000 da aka ware wa aikin rake da sukari ba, domin a lokaci ɗaya aka zo wa gonakin, kowa ya gani, kowa ya yi magana. Wadda muke yankawa da hannunmu, fuloti bayan fuloti, ita ce ba mai ƙirga ta.

Abin da nisa ke jawowa

Ni ma'aikaciyar jinya ce, don haka idona ya fi zuwa kan abin da wannan yaɗo ke yi wa lafiyar iyali.

Sabuwar unguwa ta awon igiya ba ta zuwa da titi, ba ta zuwa da kwata, ba ta zuwa da famfo. Gwamnati kuwa, bututun ruwa da turakun lantarki da mita take sayensu. Gidaje 50 da ke jere a layi ɗaya bututu gajere ya ishe su. In suka warwatsu a cikin gonaki, kuɗin da zai kai musu ruwa sai ya ninka, galibi ma sai a fasa. Daga nan uwargida ta koma hannun 'yan ga-ruwa, ruwan wanke hannu ya zama abin tattali.

Wanda ya samu hali sai ya haƙa rijiya a gidansa. Ma'aikatan tsabta suna ba da shawarar a bar tazarar mita 30 tsakanin rijiya da ramin masai. Fulotin nan namu tsawonsa gaba ɗaya mita 30 ne, faɗinsa 15. Ko ka kai rijiyarka ƙarshen kusurwa, ba ka san inda maƙwabcin da zai zo baɗi zai haƙa masansa a bayan katangarka ba. Gudawa da taifot da kwalara ta irin wannan hanya suke shiga gida.

Sai maganar dare. Mace mai naƙuda da jini ya ɓalle mata, ko wadda jijjiga ta kama, ko yaron da zazzaɓi ya sa shi suma, mintoci ake ƙirga musu. A tsohuwar unguwa ihu ɗaya ya isa, maƙwabciya ta shigo, wani ya tayar da babur. A gidan da ke tsakiyar gonaki, sai an yi ta kiran waya, mai mota ya ce rairayi ba zai bar shi ya shiga ba, in damina ce kuma ya ce taɓo. Awon ciki ma da yawa ba ƙi suke yi ba, kuɗin abin hawa zuwa da dawowa ne ke hana su. Masu bi gida-gida da akwatin rigakafi kuwa, gidan da ba layi ba lamba shi ake tsallakewa ba da gangan ba.

Cunkoso daban, kusanci daban

Na san abin da wani zai ce: ke da kike ma'aikaciyar lafiya, ya za ki ce a matso da gidaje kusa, alhali kullum kuna gargaɗi kan cunkoso saboda sanƙarau?

Tambayar tana kan hanya, kuma mu a nan ba labari aka ba mu ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna daga farkon Oktoban 2022 zuwa tsakiyar Afrilun 2023 an samu mutum 1,686 da ake zaton sun kamu da sanƙarau a Nijeriya, 1,252 daga cikinsu a Jigawa. A cikin na Jigawa, 505 a Maigatari suke, 247 a Sule Tankarkar. A daidai lokacin cutar na ci a jihar Damagaram, tsallaken iyaka. Gidaje da yawa har yau ba su warke daga wannan rashi ba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

To amma ina ƙwayar cutar ke bi? Ta numfashi take bi, tari da atishawa, a tsakanin mutanen da ke kwana kusa da juna a ɗakin da iska ba ta ratsawa, musamman lokacin da ƙura da busasshiyar iska suka bushe maƙogwaro. Ma'aunin da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke amfani da shi shi ne, in masu kwana a ɗaki ɗaya suka haura uku, an shiga cunkoso. Ɗaki ake aunawa, da yawan masu kwana a cikinsa, da tagoginsa.

Yanzu ku dubi gidan can na bakin gari. Maigida ya zuba duk abin da ya tara a kuɗin fili da katanga, abin da ya rage ɗaki ɗaya ya iya yi, ya rufa kwano ba silin. Tagar 'yar ƙarama ce, ita ma an toshe ta da kwali saboda ƙura da tsoron ɓarayi, tunda ba maƙwabta. Mutum takwas ke kwana a ciki, ga fili fetal a tsakar gida ba abin da ke cikinsa sai ciyawa. Wannan shi ne cunkoson da muke tsoro, kuma faɗin fuloti bai hana shi ba.

Rigakafi shi ne garkuwa ta farko, kuma a 2024 Nijeriya ta zama ƙasar farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare mutum daga nau'i biyar na ƙwayar sanƙarau. In aka zo yi, a kai yara. Amma ɗakin da yaro zai kwana a ciki shekara goma sha, shi ma magani ne ko cuta.

Gidaje shida a Yamai

Wannan matsala ta yaɗon gari ta daɗe tana damun Yamai, babban birnin Nijar, inda akasarin gidaje ƙasa-ƙasa ne, kowane iyali da faffaɗan fili, birnin kuma na ta miƙewa yana barin talaka nesa da wurin aiki da ruwa da wuta. Wasu masu zanen gini su huɗu daga ƙasashe huɗu suka haɗa kai don su gwada wata hanya: Mariam Issoufou Kamara 'yar Nijar, Yasaman Esmaili 'yar Iran, Elizabeth Golden daga Amurka, da Philip Sträter daga Jamus. Ƙungiyar tasu sunanta united4design, aikin kuma ana kiransa Niamey 2000, an kammala shi a 2016.

Abin da suka yi shi ne, a filin da aka saba gina wa iyali ɗaya, suka fitar da gidaje shida, kowanne na iyali guda. Maimakon su baje ɗakuna a ƙasa, sai suka hau sama suka yi bene. Kowane gida da ƙofarsa da tsakar gidansa da wurin shan iska a inuwa, an kuma tsara bango da tagogi yadda wani ba zai leƙa wani ba. Bangon da bulon ƙasa aka yi shi, wanda inji ke matsewa ba tare da an gasa ba, siminti kuma aka taƙaita shi ga wuraren da ke ɗaukar nauyi. Bangon ƙasa mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, ga iska na ratsa ɗakuna, don haka gidan ba ya dogara da na'urar sanyaya ɗaki kafin a iya zama a cikinsa. A 2022 aikin ya shiga jerin ayyuka 20 da aka tace daga faɗin duniya don kyautar Aga Khan ta zanen gini.

Gaskiya ɗaya ce: gidaje shida ba su magance ƙarancin muhalli a Yamai ba, kuma don masu matsakaicin hali aka yi su, talaka tuɓus ba zai iya saye ba. Amfaninsu shi ne sun nuna a aikace cewa iyali shida za su zauna a wurin iyali ɗaya, kowa da sirrinsa, kowa da iskarsa.

Kayanmu ne aka kakkaɓe wa ƙura

Abin da ya fi jan hankalina shi ne inda suka ce sun ɗauko dabarar. Sun ambaci tsofaffin biranen yankinmu ne, Kano da Damagaram da Tambutu, inda gidaje ke jingine da juna, lunguna na ba da inuwa, kowane gida kuma na da zaure da tsakar gida.

Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, a shekarar kuma ya ratsa ta Gumel a hanyarsa ta zuwa Borno. Ya lura cewa gidajen Kano a dunƙule suke a wani sashe na cikin ganuwa, sauran filin kuma an bar shi ana noma. Magabata sun san gari na iya shiga halin da abin da ke kusa kaɗai zai ci, don haka suka matsu a gida suka bar wa gona wuri.

Ginin ƙasa kuma ba ƙaramin ilimi ba ne a wurinmu. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 shaida ne. Masallacin Yama a jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya gina, ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A garin Dandaji, nan ma jihar Tawa, Mariam da Yasaman sun sake haɗuwa, suka mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa, aka gama a 2018, kuma da maginan gargajiya na yankin suka yi aikin. A Shibam ta ƙasar Yaman akwai benayen ƙasa masu hawa biyar zuwa sama da suka yi ɗaruruwan shekaru ana zaune a ciki.

Irin haɗin gwiwar da za ta amfane mu ke nan. Baƙo ya zo da lissafin nauyi da injin matse bulo da gwajin ƙasa, maginin gida ya zo da sanin inda ruwan gabas ke dukan bango, da yadda matan gida ke zirga-zirga tsakanin madafa da ɗaki, da dalilin da ya sa baƙo namiji ke tsayawa a zaure. In aka bar ɗaya daga cikinsu a waje, sai a samu gidan da ya yi kyau a hoto amma ba mai iya zama a ciki.

Tambayoyin da za ku yi

Ginin ƙasa ba ya rushewa da damina? Yana rushewa in tushensa ƙasa ce zalla, ruwa na kwanciya a gindinsa, indararo kuma ya toshe. Bulon da inji ya matse, aka sa masa ɗan siminti, aka ɗora shi a kan tushen dutse ko kankare da ya ɗaga sama da ƙasa, aka yi masa rufi mai baki da ke kare bango, wani abu ne daban da jan laka da hannu. Sai dai ƙasarmu ta nan arewacin Jigawa rairayi ya yi mata yawa, kuma bulon na buƙatar yumɓu daidai gwargwado. Dole a gwada ƙasar kafin a fara, kada a ɗauki abin da ya yi a wani wuri a ce zai yi a nan. Wanda kuma hankalinsa bai kwanta da ƙasa ba, dabarar tsarin na aiki ko da bulon siminti ne.

Bene ba zai sa a riƙa leƙa matan maƙwabta ba? Malaman Malikiyya sun daɗe da yin hukunci cewa ba a buɗe tagar da za ta kalli tsakar gidan wani. Maganinsa a zane yake: tagogin sama su kalli tsakar gidanka ko titi, na ɓangaren maƙwabci a ɗaga su sama da tsayin mutum, iska ta shiga ido bai shiga ba.

Tsofaffi da masu ciki fa? Ɗakinsu a ƙasa, samari da ɗakin baƙi a sama. Matakala ta zama mai faɗi da abin riƙewa, soro kuma a yi masa katanga mai tsayi saboda yara. Kada kuma a ɗora bene a kan ginin da ba a yi masa tushen bene ba, sai injiniya ya duba. Wannan ba wurin ƙwauron kuɗi ba ne.

Abin da ke hannunku

In za ku sayi fili, ku tambayi nisansa da famfo da makaranta da asibiti kafin ku tambayi faɗinsa. Rabin fuloti a cikin gari sau da yawa ya fi cikakke a bayan gari, in aka haɗa da kuɗin babur da na ruwa na shekara goma.

In gidan gado ne a cikin gari, kafin a sayar kowa ya kama gabansa, 'yan'uwa su zauna su duba ko za a sake tsara shi, kowa da sashensa da ƙofarsa da takardarsa, bayan malamai sun raba wa kowa haƙƙinsa, mata da maza. Wa da ƙane da ke shirin sayen fuloti biyu za su iya sayen ɗaya su haɗa bangon tsakiya, kuɗin ɗayan ya tafi a ƙarin ɗakuna.

In ana gini, uwargida ki sa baki tun ana zane a ƙasa, domin ke da yara za ku fi kowa daɗewa a ciki. Kowane ɗakin kwana ya samu taga biyu a bango daban-daban, da raga saboda sauro. Madafa ta samu mafitar hayaƙi. A bar wurin bishiya ɗaya a tsakar gida, ko darbejiya ce.

In gona ce a bakin gari, ku tuna kuɗin fuloti sau ɗaya ake karɓarsa, gero kuwa kowace kaka yake zuwa.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin iyali ɗaya. Dokar filaye ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, na karkara kuma ƙananan hukumomi ke ba da izininsu. Su da masarautar Gumel da hakimai da dagatai za su iya shata inda gini zai tsaya, su kare burtali da gonakin bakin gari, su matsa wa masu kangwaye da filayen da aka killace a tsakiyar gari su gina ko su sayar, su kuma hana yanka unguwa sai an fitar da titi da kwata da wurin rijiyar burtsatse ta kowa da kowa nesa da masai. Muna da sassan koyar da zanen gini a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero. Ba abin da zai hana a gayyato su, tare da takwarorinsu na Nijar da suka riga mu gwadawa, da maginanmu na gida, a gina layi ɗaya na gwaji a Maigatari ko Gumel, mutane su shiga su ji da jikinsu a watan Afrilu. Damagaram ta fi Abuja kusa da mu, kuma rana ɗaya ce ke dukanmu da su.

Ku da ke zaune a sababbin unguwanni, minti nawa ke tsakaninku da asibiti mafi kusa in dare ya yi? Ku kuma da kuka taso a gidan yawa na cikin gari, me ya kore ku daga ciki, kuma me za a gyara ku yarda ku koma? Amsoshinku su ne abin da mai zane zai fara buƙata kafin ya ɗauki alƙalami. Allah Ya ba kowa muhalli mai albarka, Ya kuma bar wa 'ya'yanmu inda za su shuka.